Baba Yana Kwanciya a Ƙarƙashin Mota a Kan Bulo, Wane Jak Zan Saya Masa?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Mahaifina tsohon direba ne, ya haura shekara 65, muna zaune a Tudun Wada, Zariya. Yana da Peugeot 406, kuma tun da ya ajiye aiki shi yake yi mata ƙananan gyare-gyare a ƙofar gida: juyen baƙin mai, canjin birki, ɗaure salansa. Da ɗan jak ɗin da ya zo da motar yake ɗaga ta, sai ya jera bulo ya kwanta a ƙarƙashi. Wurin kuma ƙasa ce, babu daɓe. Makon jiya bulo ɗaya ya fashe, motar ta zauna, Allah ya kiyaye ya fito ɗaukar sifana. Da muka yi masa magana sai ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ya sa aka kawo wani bulon. Tun ranar Hajiyarmu ba ta da kwanciyar hankali. Na tara 'yan kuɗi zan saya masa jak na kirki. A Sabon Gari na ga uku: ƙarami sabo mai taya, tan 2, a akwatin roba, babba mai taya ɗan Beljiyam, tan 3, amma yana ɗan tsattsafo da mai, sai na kwalba, tan 5, wanda ya fi su araha. Wanne zan ɗauka? Kuma yaya zan yi ya karɓa ba tare da ya ga na raina saninsa ba?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ƙara tsare Baba, ya kwantar wa Hajiya da hankali, kai kuma ya ba ka masu yi maka.

Fargabar Hajiya tana kan hanya. 406 tana da nauyin kilo 1,300 zuwa 1,500, gwargwadon injinta da kuma ko wagon ce, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na wannan nauyi yana gaba ne, wurin inji da giyabos, daidai inda mai juye yake shigar da ƙirjinsa. Wanda mota ta danne wa ƙirji ba ya iya jan numfashi, balle ya yi ihu. Ana iya zaune a tsakar gida ana hira, bango ɗaya ne tsakani, ba wanda zai ji komai, kuma mintuna kaɗan ne suke raba mutum da duniya a irin wannan hali. Saboda haka kada ka ɗaga maganar nan zuwa ƙarshen wata.

Amma ka ji wannan tun kafin mu shiga zaɓe: ko wanne ka saya a cikin ukun, in dai Baba zai ɗaga mota da shi ya kwanta a ƙarƙashi jak ɗin yana riƙe da ita, ba ka fitar da shi daga hatsari ba. Aikin jak ɗagawa ne da saukewa. Ba a ƙera shi don ya tsaya da mota a sama mutum yana ƙasa ba, kuma masu ƙera shi da kansu suna rubuta haka a jikinsa.

Ga dalili. A cikin jak mai amfani da mai akwai ƙaramin famfo da babban fistin. Duk bugun hannu ɗaya, famfon yana tura ɗan mai ya wuce wata 'yar ƙofa zuwa bayan fistin, fistin ya matsa gaba, hannun jak ya tashi. Abin da yake hana man komawa baya zoben roba ne da wani ɗan ƙwallon ƙarfe da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. A kansu motar gaba ɗaya take zaune. Roba tana tsufa, zafin bazara yana busar da ita, ƙurar hunturu tana manne wa fistin ta shiga ciki ta kankare ta. Ƙwayar yashi ɗaya in ta tsaya a mazaunin ƙwallon nan, mai zai riƙa sulalewa. Wani lokaci motar a hankali take sauka har mai aiki bai lura ba sai ya ji ƙarfe a kafaɗarsa, wani lokaci kuma gaba ɗaya. Ko lafiyar jak ɗin lau, yaro mai wasa ya murɗa hannun, shi ke nan.

Don haka farkon abin da kuɗinka za su saya shi ne ƙafafun ƙarfen da ake ɗora mota a kansu bayan an ɗaga ta, waɗanda masu kayan mota suke ce wa sitan. Babu mai a cikinsu, babu roba, ƙarfe ne zaune a kan ƙarfe. Biyu-biyu ake sayar da su, kuma galibi adadin tan da aka rubuta na biyun ne a haɗe, ba na kowane ɗaya ba. Mai tan 3 ya ishi 406 har da rara. Ka duba faɗin gindinsa, ka bi waldarsa da ido da yatsa, ka jijjiga sandar tsakiya ka ji ko tana rawa da yawa. Galibi iri biyu ne: mai huda da ake zura fil, da mai haƙora wanda wani ɗan harshe yake kamawa. Ni na fi natsuwa da mai fil, ko mai haƙoran da aka ƙara masa fil na kullewa. A 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye sitan masu haƙora wajen miliyan 1.7, samfurin Pittsburgh masu tan 3 da tan 6, saboda harshen yana iya zamewa daga haƙori in mota ta motsa. Kayan da aka yi amfani da su a can suna shigo mana a kwantena, ba lalle ne an tantance su ba. In na hannu za ka saya, ka ɗaga sandar ka leƙa ka ga harshen ya shige haƙorin har gindi, ba bakin-baki ba. Waɗanda masu walda suke haɗawa da siririn bututu kuwa, ban ba ka shawararsu ba, don ba wanda ya taɓa gwada nauyin da za su ɗauka kafin su lanƙwashe.

Bulo kam ya fita daga lissafi. An yi shi ne ya zauna a gini, siminti ya shimfiɗa masa nauyi a duk faɗinsa. Mota kuwa a wuri ɗaya take zuba nauyinta, ta bakin ƙarfe, a kan abu mai rami a ciki wanda yashi ya fi yawa a jikinsa, balle irin na yanzu da ake ja wa buhun siminti rai. Ƙarfe in zai gaza yakan lanƙwashe, katako yakan yi ƙara. Bulo ba ya ba da sanarwa. Inda aka rasa sitan, daskararren katako mai kauri, a kwance, ya fi bulo nesa ba kusa ba.

To, mu koma kan jak ɗinka uku.

Na kwalbar ka bar shi. Lambar tan 5 ce take jan ido, amma tsayinsa a zaune yana kusan santimita 20, gefen 406 kuwa da ƙyar zai ba shi hanya, in taya ta yi faci ma ba zai shiga ba sam. Kansa ɗan ƙarami ne, gindinsa siriri, mota tana ɗan karkata sai ya kife. Na Hilux ne da bas da manyan motoci masu tsayi.

Ƙaramin mai tan 2, wajen ƙarfi ba shi da laifi. Ƙa'idar da ake bi ita ce jak ya iya ɗaukar aƙalla kashi uku cikin huɗu na nauyin motar, tunda ba a ɗaga ta gaba ɗaya, gefe ɗaya ne ko gaba ko baya. Kashi uku cikin huɗu na kilo 1,500 shi ne 1,125, ka ga tan 2 ya wuce nan sosai. Inda yake da rauni shi ne tashi. Irin waɗannan na akwatin roba suna farawa daga wajen santimita 13 su tsaya a 33 ko 35. Sitan mai tan 3 kuma a mafi gajartarsa yana kai 28 zuwa 29. Wato zai ba ka damar zura sitan a matakinsa na ƙasa ko na biyu, ya isa cire taya da canjin birki, juye ma ana yi amma a takure. Jikinsa ba faɗi, faifan kansa ƙarami, hannunsa gajere, dole dattijo ya durƙusa kusa da motar yana bugawa. Nauyinsa bai fi kilo 10 ba, wannan kuma alheri ne ga mai shekarun Baba, don zai iya ɗaukar abinsa ya jefa a but.

Babban mai tan 3 shi ne jak na gaske a cikinsu. Irinsa yana kai kilo 30 ko fiye, yana tashi har santimita 45 zuwa 50, yana da faɗi, hannunsa dogo ne, a tsaye ake buga shi nesa da mota. Da lafiyarsa ƙalau da ban yi dogon bayani ba. Amma ka ce yana tsattsafo da mai, kuma daga ina man yake fitowa shi ne komai. Ka sa a goge shi tas da tsumma, a buga shi sama, ka sunkuya ka duba. In daga murfin da ake zuba mai ne, ƙaramin abu ne. In daga wuyan famfo ne ko bakin babban fistin, robar ciki ta mutu, sai an kwance an sake, kuma ba kowane samfuri ake samun robarsa daidai ba. In kuwa ka ga jikin fistin da tsatsa ko zane, irin wanda farce yake tsayawa a kansa, ka bar musu kayansu, don ko an sa sabuwar roba zanen nan zai cinye ta. Sabon fenti a jikin ɗan Beljiyam ma abin tsayawa a duba ne da kyau, musamman wurin walda da gefunan ƙarfen, ko sun taɓa lanƙwashewa aka miƙar.

Kada ka biya kuɗin kowanne sai an gwada shi da mota. Ka je da 406 ɗin har bakin shagon, a wuri mai siminti, a ɗaga gefe ɗaya har taya ta bar ƙasa. Ka ɗauki tef ka auna daga ƙasa zuwa gefen motar, ka ja layi da alli a inda ka auna. Ku zauna ku gaisa na minti 15, ba wanda zai taɓa. Ka sake aunawa. In ta sauka ko da kaurin yatsa ne, jak ɗin yana zubar da mai ta ciki, ko da ba ka ga ɗigo ɗaya a ƙasa ba. Sai kuma saukewa: ka murɗa hannun da kanka a hankali. Na kirki yana bin hannunka, ka ce tsaya ya tsaya. Wanda kana taɓa shi motar ta faɗo dim, ba na dattijo ba ne, don da shi za a riƙa ɗora mota a kan sitan, kuma wannan aikin lallaɓawa yake so. Mai shagon da ya ƙi yarda a gwada, ka yi masa sallama. Zariya ba ta rasa wani shagon ba, kuma ga Kaduna ga Ƙofar Ruwa a Kano.

Ka kuma karanta jikinsa. Na kamfanin da ya san abin da yake yi yana ɗauke da suna, da nauyin da yake ɗauka, da lambar ƙa'idar da aka bi: EN 1494 da tambarin CE in na kasuwar Turai ne, ASME PASE in na Amurka ne. Takarda dai kowa yana iya bugawa ya manna, shi ya sa gwajin ya fi ta. Akwai wani noti da aka rufe da hula, galibi an rubuta kada a taɓa. Bawul ne da yake hana jak ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa. Wasu masu gyara suna ɗaure shi wai don jak ya ƙara ƙarfi. In ka ga alamar an taɓa shi, ka haƙura da wannan.

Hukuncina ke nan: in babban ya ci gwaji bayan mai shi ya gyara, kuma kuɗinka za su kai shi tare da sitan biyu, ka ɗauke shi. In sayensa zai cinye kuɗin sitan, ka ɗauki ƙaramin sabo da sitan, ba tare da wani kokwanto ba.

Akwai abin da ka ambata a gurguje wanda ya fi damuna fiye da zaɓen jak, wato ƙasar ƙofar gidanku. Hannun jak mai taya ba miƙe yake tashi ba, yana tashi yana komawa baya. Don kansa ya zauna a inda aka sa shi, dole jak ɗin gaba ɗaya ya riƙa gangarawa cikin motar kaɗan-kaɗan, amfanin tayoyin ke nan. A kan ƙasa ko yashi tayoyin suna nutsewa su tsaya cik, sai jak ya riƙa jan motar, ko kansa ya zame daga ƙarfen. Sitan ma ƙafafunsa suna nutsewa, ɗaya ta fi ɗaya, ya karkace. A watan Agusta, ƙasar da ka gani a bushe da safe tana iya zama taɓo a ciki. Ga shi ƙofofin gidajenmu da yawa gangare ne zuwa kwata. In da hali, ka kira magini ya zuba daɓe mai kauri, shimfiɗaɗɗe, ko da iya inda gaban motar yake tsayawa ne. Kafin nan, faffaɗan katako mai kauri a ƙarƙashin jak da kowane sitan, kuma a nemi inda ya fi daidaita.

Wajen kula da shi, abu ɗaya zan ja kunnenka a kai, don na san Baba yana da ragowar man birki a but: kada a zuba shi a jak. Man birki yana kumbura robar jak ya lalata ta. Baƙin mai ma ba nasa ba ne. Man haidurolik na jak ake nema. In ya fara bugun iska, ana bugawa ba ya tashi yadda ya saba, a buɗe bawul ɗin saukewa a buga hannun da sauri sau da yawa, a ɗan buɗe murfin mai iska ta fita. A ajiye shi a sauke, a rufe shi da buhu saboda ƙura.

Yadda ake aikin, Baba ya fi ni da kai sani, amma kai ka riƙe shi a ka: birkin hannu, mota a giya, waigi gaba da bayan tayar da za ta zauna a ƙasa. A sassauta notin taya tun tana ƙasa. A sa jak a wurin da kamfani ya ƙarfafa, bayan tayar gaba ko gaban ta baya, ba a kaskon baƙin mai ko tanki ko salansa ba, kuma a duba ko tsatsa ta ci wurin, don motocin da suka yi zama a Turai gishirin da ake zuba wa titi lokacin sanyi yakan cinye musu ƙasa. A sauke ta a kan sitan, a dafa ta da hannu biyu a girgiza da ƙarfi kafin kowa ya shiga. Tayar da aka cire a kwantar da ita a ƙarƙashin gefen motar.

Saura Baba, kuma a nan ne nake so ka yi hankali. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan sitiyari, yau an ce ya zauna a gida, motar nan ita ce inda har yanzu yake jin hannunsa yana da amfani. In ya fahimci so ake a raba shi da sifana, ko jak na zinariya ka kawo ba zai kalla ba. Kada ka shigo da kaya a kwali ka dire a gabansa a gaban ƙannenka kana bayani. Ka same shi shi kaɗai, bayan la'asar, ka ce, "Baba, Allah ya ƙara lafiya, ina so in sayi jak da za mu riƙa amfani da shi a gida, amma ni ban san ƙarfe ba, ina tsoron a cuce ni. Ka raka ni Sabon Gari ka zaɓa mana." Wannan ba dabara ba ce kawai, gaskiya ce, idonsa zai ga abin da naka ba zai gani ba. Ka bar shi ya yi gwajin allin da hannunsa, ya yi ciniki. Abin da ya zaɓa da kansa zai yi amfani da shi.

In maganar tsautsayi ta sake tasowa, kada ka yi musu da shi, don gaskiya ya faɗa, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Ka dai tambaye shi cikin ladabi ko a shekarunsa na tuƙi ya taɓa ajiye mota mai lodi a gangare ba waigi, alhali birkinta yana ci. Zai ba ka amsa da labari, ka saurara har ƙarshe. Shi da kansa ya san hadisin da Tirmizi ya ruwaito, na mutumin da ya tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure ta kuma ya yi tawakkali. Amma ya fi kyau ya ji wannan daga bakin amininsa ko limamin unguwa, ba daga bakin ɗansa ba. Hajiya kuma ta faɗa masa nata tsoron a ɗaki, ba da faɗa ba. Bulon da aka kawo, in magini ya zo ka sa ya shigar da shi cikin aikin daɓen, kada ya kwana a ƙofar gida yana jiran ranar da za a yi gaggawa.

Ka roƙe shi alfarma ɗaya a matsayinka na ɗa: kada ya shiga ƙarƙashi sai da wani babba a tsaye a wurin. Ka ware masa safiyar Asabar ka zama yaron motarsa, kana miƙa sifana kana koyo. Tsohon jak ɗin motar ya zauna kusa, a warware, inda hannu zai kai. In, Allah ya kiyaye, wani abu ya faru, ba a jan mutum ta ƙafa, motar ake ɗagawa tukuna, sannan a wuce da shi asibiti, na koyarwa da ke Shika ko wanda ya fi kusa, ko da ya miƙe ya ce ba komai, don jini yana iya zuba a ciki ba a gani.

In kuma duk da haka ya ce shi da bulonsa, to ka raba aikin biyu. Birki da taya, da duk abin da ake yi daga gefe, ya ci gaba da yi a gida. Juye da salansa, ka ce ka ɗauki nauyinsu, ku tafi tare wurin da yake da rami, shi ya tsaya a kan masu aikin ya nuna musu yadda yake so a ɗaure. Sitan ɗin dai ka saya ka ajiye a but ɗin motar tun wannan makon.